Hanyar da Baba ya bi ta bayan duwatsu

A Zango aka haife ni, nan cikin Damagaram, kuma yau shekara 19 ke nan ina koyarwa a lakwal. Duk wanda ya san ni a 'yan shekarun nan da keke ya san ni, har wasu yaran unguwa sun daina ce mini mushe, wato malamin lakwal, sai mai keke. Wasu sun ɗauka likita ne ya sa ni, wasu suka ce kwaikwayon Turawa nake yi. Labarin ya girmi wannan duka, tun ina yaro ya faro, kuma akwai wurin da nake jin nauyin faɗa a cikinsa. Zan faɗe shi yadda ya faru.

Da keke mahaifinmu ya ciyar da mu, Allah ya jiƙansa da rahama. Baƙin Phoenix ne irin na da, ƙirar Sin, mai birkin ƙarfe da giya ɗaya tal, ga kariya a baya wadda ya kai wa mai walda aka ƙara mata ƙafa biyu don ta jure nauyi. Kafin a kira assalatu ya fita. Mirya yake nufa, kilomita 18 daga gari, ya sari abin da lambu ya bayar a lokacin: tumatir, salak, kabeji, albasa mai lawashi, rogo, idan sanyi ya shigo kuma rake. Ya ɗaure kayan tam da igiyar roba da yake yankowa daga tsohuwar robar cikin taya, ya kamo hanya, da hantsi ya sauke a Kasuwar Dole. Mu takwas ne a gidan, ban tuna ranar da aka wuni ba a ɗora tukunya ba.

Ina shekara ta biyu a kolej abin ya faru. Lakwal ɗinmu a bakin kwalta take, daidai shigar gari, duk mai zuwa daga wajen Mirya ta gabanta zai wuce, kuma isowar Baba takan yi daidai da fitarmu hutun ƙarfe goma. Da ya hango ni sai ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ya zaro mini gaɓar rake ko ya miƙo mini dala biyar. Har yanzu ina ganinsa: rigarsa jiƙe sharkaf a gadon baya, ƙafar wandon dama a naɗe don kada sarƙa ta ci, ƙura ta yi masa fari fat a gira. A ajinmu akwai 'ya'yan ma'aikata da 'ya'yan alhazai waɗanda ake kawowa a mota. Wata rana ɗayansu ya ɗaga murya ya ce, ga jirgin gidanku nan ya sauka. Aka kwashe da dariya.

Da dare bayan sallar lisha, Baba na zaune a kan tabarma yana shafa wa sarƙa mai, na zo na tsuguna. Na ce, "Baba, ina da magana." Ya ce, "Ina jinka." Na ce, "Don Allah da kun daina biyowa ta ƙofar lakwal ɗinmu." Bai ɗago kai ba. Ya juya feda da hannu, ya saurari ƙarar sarƙar, sannan ya ce, "To, na ji." Iyakar maganar ke nan. Bai yi faɗa ba, fuskarsa ba ta canza mini ba, kuma daga ranar ban sake ganin kekensa a ƙofar lakwal ba. Ni kuwa daɗi na ji. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ta ina yake bi ba.

Shekaru suka tafi. Na gama karatu, na samu aikin koyarwa, na ci bashi na sayi moto, na yi aure. Gwiwoyin Baba suka gaza, ya ajiye keke ya koma zaman ƙofar gida da carbinsa. Ya rasu a 2011, shekarar da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a hanyar Tanut. Aka jingine keken a ɗakin shirgi, kaji suka mayar da shi wurin kwana. Maganar daren nan ba mu taɓa tayar da ita ba har ya koma ga Allah.

Wata Juma'a na fito daga masallaci na tarar an ɗauke mini moto. Na yi cigiya har na gaji. Kuɗin kabu-kabu safe da yamma ya fi ƙarfin albashina, don haka na je wurin masu kekunan gwanjo, irin waɗanda Turawa suka gama hawa ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Na zaɓi wani shuɗi don kawai tayarsa ta fi ta sauran kauri, na biya jika 45. Makonnin farko ta lungu nake bi, in sauka nesa da ƙofa in turo shi, don kada ɗalibai su ga mushe a kan keke. Ashe kunyar nan ta yarinta ba ta je ko'ina ba, tare muka girma da ita.

Wani matashin malami mai koyar da wasanni, sabon zuwa lakwal ɗinmu, shi ya fara buɗe mini ido. Ya ga keken a gindin dogon yaro, ya tsuguna yana ƙirga haƙora, ya ce, "Mushe, kun san abin da kuke hawa kuwa? Wannan ai VTT ne, keken da ba ya zaɓen hanya." Ya nuna mini faranti uku a gaba, bakwai a baya, ya ce giya 21 ke nan. Ni kuwa tun da na saya a guda ɗaya nake tafiya, ina tsoron taɓa maɓallin kada wani abu ya lalace. Tayar inci 26 ce, mai ƙuraje kamar bayan kada, an yi ta don ta kama ƙasa da tsakuwa. Daga bakinsa na ji cewa a Kaliforniya ta Amurka aka fara wannan harka a shekarun 1970, samari ne suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu faɗin taya suna gangarowa da su daga wani dutse mai suna Tamalpais. Zuwa 1981 kamfanin Specialized ya fara ƙera irinsa da yawa don kasuwa, a 1996 kuma aka shigar da tserensa cikin wasannin Olamfik a Atlanta. Ya ce, "Wasu jirgi suke biya su je neman duwatsu, mu ga su nan a ƙofar gida."

Ranar Lahadi muka fita bayan sallar asuba. Gari bai gama wayewa ba muka bar kwalta, muka shiga wata siririyar hanya ta masu itace wadda ke ratsa tsakanin duwatsu. A hawan farko sauka na yi na tura. A na biyu ya ce in mayar da sarƙa kan ƙaramin faranti na gaba da babba na baya, in zauna daram a sirdi, kada in miƙe tsaye don tayar baya za ta yi ta juyawa a banza. Na bi maganarsa, sai ga ni a saman fa ina haki, gari shimfiɗe a ƙasa, hasumiyoyin masallatai sun leƙo daga cikin hazo, hayaƙin masu ƙosai na tashi unguwa-unguwa. A gangara na sha ƙasa. Dutsen sumul yake, da 'yar tsakuwa a kansa, keken ya ɗauki gudu, tsoro ya kama ni na damƙe birkin hagu, ashe shi ne na gaba. Taya ta tsaya cak, ni na wuce ta saman kan keke na sauka a kan kafaɗa, fatar gwiwar hannuna ta saɓule. Tabon na nan har gobe. Abokin tafiyata ya wanke mini ciwon da ruwan gora, sannan ya hau ya gwada mini: a gangara akan sauke sirdi, a ja jiki baya, a taɓa birkin nan biyu a hankali, ido kuma ya tsaya a inda ake son bi, don dutsen da ka ƙura wa ido shi za ka kai wa karo.

Sauran karatun ƙasarmu ce ta koya mini, kuma ba ta da sassauci. Yashi ya fi dutse wahala nesa ba kusa ba. Sai ka rage wa taya iska ta ɗan baje, ka sa giya mai sauƙi, ka yi ta juya ƙafa ba tsayawa, da ka murɗa kan keke da ƙarfi kuwa ka kife. Ga tsidau da ƙayar aduwa, akwai ranar da na yi faci biyar kafin in dawo gida. Tun daga nan ba na fita sai da famfo, da sholisho, da robar faci, da tsofaffin cokula biyu na ɓanɓare taya. Wani dattijo mai faci ya ba ni dabara, ya tsaga tsohuwar roba ya shimfiɗa mini ita tsakanin taya da sabuwar, fashewa ta ragu sosai. Da hunturu kuma sarƙa ce abin tausayi: mai ya haɗu da ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin haƙora a hankali. A wanke ta da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge da tsumma. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, duk wanda ƙarfe goma ta yi masa a dawa ya yi ganganci.

Shekara da shekaru ina rubuta wa yara a allo cewa Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926, lokacin da Faransawa suka mayar da shi Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan. Haddar baki ce nake yi. Sai da na yi ta hawa da sauka a kan duwatsun nan na gane cewa garin ɗungurungum a kan dutse yake zaune, waɗanda muke gani a unguwar Birni kamar an ɗora wani a kan wani kawunansu ne kawai suka leƙo. Shi ya sa mai haƙa rijiya yake cin karo da fa, shi ya sa ake jawo mana ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya a kudu da Arunguza a arewa, mu kuma muna layi da jarkoki a bakin famfo.

Kogi kam ba mu da shi, korama Allah ya ba mu. Ranar da muka fara zuwa Dogo, a hanyar Magarya, kaɗan muka taɓa kwalta. Hanyar amalanke muka bi, tudu bayan tudu, an gama girbin gero, karan na kwance, gawo ko'ina ya yi kore shar a cikin rani, shi da yake zubar da ganyensa da damina. Manoman yankin ne suka raine su, tun shekarun 1980 suke barin 'ya'yan itatuwa su tashi a gona maimakon a sassabe su. Daga kan tudu na ƙarshe sai ƙasa ta sauya launi gaba ɗaya. Kwari ne kore, rake ya fi tsawon mutum, ga rogo, ga goriba, ga ruwa kwance, iska mai sanyi da ƙanshin laka ta buge mu tun kafin mu gangara. Na tsaya na daɗe ina kallo. Na haura shekara talatin a duniya, na sha wucewa ta nan a mota, ban taɓa sanin haka bayan tudun yake ba.

Yanzu mu bakwai ne masu fita ranar Lahadi, akwai tela, akwai ɗalibai biyu na jami'a, akwai tsohon soja. Abin da nake yawan faɗa da samarinmu a kansa guda ne: babu hanyar da aka yi don kekenmu a ƙasar nan. Duk inda muke bi ƙafar wani ce ta fitar da shi, ta mata masu itace, ta jakai, ta makiyaya a burtali. Idan ka haɗu da mace da kaya a ka, kai za ka sauka ka ba ta hanya ka gaishe ta. Da damina ba a ratsa shuka ko da za a zagaya nesa. Raina yana ɓaci in na ga yaro ya sheƙo a guje ya watsa wa tsohuwa ƙura.

A wata irin wannan fita ce, ni kaɗai, tsidau ya kama ni a gefen lambunan Mirya. Na ja keken gindin wata kuka, Mirya kuwa ba ta rasa kuka, na kifa shi na fara aiki. Wani dattijo na ban ruwa a kusa, ya ajiye gwangwaninsa ya zo ya tsaya a kaina. Na gaishe shi, ya amsa, amma bai daina kallona ba. Can ya ce, "Yaro, daga ina?" Na ce, "Daga Zango, Baba." Ya ce, "Ɗan wa?" Na faɗi sunan mahaifina. Sai ya yi salati, ya zauna a kan saiwar kukar. Ya ce, "Tun da ka sa robar nan a leɓe kana neman inda iska ke fita na ce na san wannan. Haka yake yi. Kai ne ɗan nasa na lakwal?" Na ce ni ne.

Ya yi wa Baba addu'a mai tsawo. Ya ce shekara da shekaru a wurinsa yake sarin albasa, ba su taɓa yin sa-in-sa a kan kuɗi ba. Ya ce babu ranar da zai zo bai ambace ni ba, yau ɗana ya ci jarrabawa, gobe ɗana zai zama mushe, har suna tsokanarsa. Ya nuna mini wani dutse mai faɗi inda yakan jingine keke ya yi sallar asuba idan ta riske shi a nan. Sannan ya ce, "Abu ɗaya ne ya ɗaure mana kai. Mutumin da kullum kwalta yake bi, rana ɗaya ya zo yana tambayar hanyar 'yan jakai, wadda ke bi ta bayan duwatsu ta shiga gari ta wata kusurwa daban. Muka ce, Malam, da wannan kayan? Ya ce akwai dalili. Shekara biyu da wani abu yana bin ta, sannan ya koma kwalta. Har ya daina zuwa bai gaya mana dalilin ba."

Na ƙirga a zuciyata. Shekara biyu da 'yan watanni, daidai abin da ya rage mini kafin jarrabawar BEPC ta gama kolej. Hannuna ya kasa riƙe famfo. Dattijon ya ce, "Lafiya, yaro?" Na ce, "Baba, ku nuna mini bakin hanyar."

Ranar na bi ta. Da farko ƙasa ce mai tauri, ana tafiya lafiya lau. Daga nan ta faɗa wani kwari na yashi mai laushi kamar gari, inda taya ke nutsewa, na rage iska, na sauko giya har ta ƙarshe, duk da haka sai da na sauka. Bayan yashin akwai hawa tsakanin manyan duwatsu biyu, matsattse, da ƙyar jaki mai mangala zai wuce, gefe da gefe duk ƙaya. Ni da keke marar nauyi, mai giya 21, ba kaya sai gorar ruwa, na isa sama ƙafafuna na rawa. Na tsaya ina duban hawan nan, ina ƙoƙarin ganin yadda mutum zai turo baƙin Phoenix da dami biyu na rake da kwandon tumatir ta wannan wurin, kowace safiya, kuma ya iso kasuwa kafin masu saye su watse. Daga saman ana hango kwalta can ƙasa, miƙaƙƙiya, har da rufin kwanon lakwal ɗinmu. Ke nan kullum yana ganinta. Na zauna a kan dutse na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarsa.

Da na koma gida na shiga ɗakin shirgi na fito da keken. Tsatsa ta ci sarƙa, tayoyi sun ruɓe, sirdi ya tsage, amma ƙarfen jikinsa lafiya lau, kariyar nan mai ƙafa huɗu ko motsi ba ta yi. Mai gyara ya yi mako biyu a kansa. Ƙararrawar ce kaɗai bai taɓa ba, ya ɗiga mata mai ta yi ƙara kamar jiya aka ajiye ta.

Wata Lahadi cikin sanyi, ranar kasuwar Mirya, na hau shi kafin assalatu. Na sari dami ɗaya na rake, rabin abin da Baba ke ɗauka, dattijon nan da kansa ya taya ni ɗaurewa, yana gyara mini inda nauyi zai zauna. Na bi ta bayan duwatsu. A cikin yashi keken ya kife sau biyu, na kwance kaya na sake ɗaurewa. A matsattsen hawan nan sai da na sa kafaɗa a jikin sirdi ina turawa taki ɗaya-ɗaya, ina riƙe birki in huta, in sake turawa. Sai bayan azahar na shigo gari.

Gidanmu na Zango na nufa. A zaure yatsana ya kai kan ƙararrawa na kaɗa sau biyu, ban ma yi niyya ba. Inna ta fito daga ɗaki da saurin da na daɗe ban ga ta yi ba, ta tsaya ta dafa bango. Ta dubi keken, ta dubi raken, ta dube ni. Na tsuguna a gabanta na gaya mata komai, tun daga daren da na yi wa Baba maganar. Ta bari har na gama, sannan ta ce, "Ina ɗaki na ji ka a daren. Na tashi zan yi maka faɗa ya hana ni, ya ce a bar yaro ya yi karatunsa. Ni ke gasa masa gwiwa kowane dare, na san lokacin da kumburin ya fara." Na ce, "Inna, ku yafe mini." Ta ce, "Shi ya yafe tun a daren, ni ma na yafe. Ka riƙa yi masa addu'a."

Sai ta leƙa tsakar gida ta ce wa ƙanwata ta ɗora ruwan zafi, ta shiga ɗaki ta ɗauko man kaɗanya, ta ce in miƙe ƙafafuna a kan tabarma.